Bindigar Baffa ta Sandar Labule

Ni dai sana'ata kayan sawa ce. Shekara tara ina zaune a Guangzhou, ina sayen riguna da wanduna a kasuwar Shahe ina tura wa 'yan kasuwa a Kano, kuma a duk tsawon shekarun nan abu mafi haɗari da na taɓa riƙewa shi ne almakashin yanka salatif. Ina faɗin haka tun daga farko don kada wani ya ɗauka ni na kawo shawarar.

Baffa ne ya kawo ta. Ƙanin mahaifina ne, tsohon soja, ya yi ritaya yana saje. A gidanmu kowa ya san gwanin harbi ne a soja, irin waɗanda ake ba bindiga mai madubin hangen nesa a ce su kwanta a wuri ɗaya su jira. Ba shi ya gaya mana ba. Wasu abokan aikinsa ne suka faɗa a wajen wani taron suna, shi kuwa yana zaune a gefe ya ci gaba da cin wainarsa. Ba ya kiran sunana, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini, sai dai ya ce Babana. Yana ce mini Babana yana ba ni umarni kamar kurtu.

Ido ne ya kawo shi ƙasar Sin. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗin jirgi, suka turo mini shi in kai shi asibiti, tunda ni ne nake nan kuma wai ina jin yaren. Sinancina na ciniki ne: nawa ne, ya yi tsada, rage mini, gobe zan dawo. Da wannan Sinancin da fassarar waya muka zauna gaban likita, wata mata mai ƙaramar murya, bayan sun gama haske-haskensu. Na so a ce ban gane abin da ta faɗa ba, amma na gane. Hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ɓarna. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, kuma maganin ɗigawa da ƙaramin aikin da za su yi zai rage masa gudu ne kawai, ba zai dawo da komai ba.

"Me ta ce?" in ji Baffa.

Na fara kame-kame, ina cewa ai sun ce a ci gaba da magani a gani.

"Babana, ta yi magana mai tsawo, kai ka yi gajeriya. Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya yi wa likitar godiya da Hausa, ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa muka fito.

Sai da muka zauna a wani gidan abinci na Musulmin ƙasar a Xiaobei, unguwar da yawancinmu 'yan Afirka muke, aka kawo mana taliya da naman rago, sannan ya yi magana. Ya ce kada kowa a gida ya ji, sai ya gama wani aiki. Na ce wane aiki. Ashe akwai wani matashi a unguwarsu da yake shirya fim, yana son yin fim a kan wani soja gwanin harbi, ya zo har gida ya durƙusa ya roƙi Baffa ya samo masa bindigar wasa da za ta yi kama da ta gaske, kuma ya koya wa jarumin yadda ake riƙe ta.

"Shekara goma sha bakwai da barina aiki," in ji Baffa. "Ana tambayata ya jiki, ana tambayata ko fansho ya shigo. Babu wanda ya tambaye ni abin da na sani sai yaron nan. Idan ya ji ido ya tafi, yaron kirki ne, zai zo da lemo ya gaishe ni, ya nemi wani."

Na ce to. Abin ya taɓa ni sosai, har na kasa ƙarasa taliyar. Da na san inda maganar za ta kai ni, da na cinye abata.

Matashin nan, wato daraktan, ya ba Baffa kuɗi, ya ce tunda China za shi, inda komai yake araha, ya sayo bindigar a can. Na ga kuɗin. Idan ka shiga Shahe da su za ka fito da wando shida, marasa kyau. Duk da haka washegari muka tafi kasuwar kayan wasan yara, wani dogon bene da babu abin da babu a ciki, daga jirgin sama mai tashi har jaririn roba mai kuka. Muka bi shago-shago ina nuna hoton bindiga a waya. Duk wanda ya kalla sai ya ja da baya ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Wani ma da ya ce meyo sai ya leƙa bayanmu ya ga ko da wani muke tafe. A ƙasar nan ba a wasa da bindiga, har wadda ta yi kama da ita an hana, kuma na san da haka, na yi shiru ne don Baffa ya gani da kansa ya haƙura. A ƙarshe wani mai shago ya ji tausayinmu ya ɗauko wata ta feshin ruwa, ruwan hoda, da hoton agwagwa a jiki. Baffa ya karɓa, ya juya ta, ya mayar masa da hannu biyu.

"Wannan ko kaza ba za ta girmama ka ba," ya ce da ni.

Na ce shi ke nan, sai a mayar wa yaro kuɗinsa. Ya ce a'a, haɗawa za mu yi.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce Baffa, ni baƙo ne a ƙasar nan, takardar zamana shekara-shekara ake sabuntawa, 'yan sanda suna zagayawa unguwarmu suna duba fasfo, mai gidan da nake haya tsohuwa ce da take shigowa duba famfo ba sallama. Ka zo da ciwon ido, kana so ka koma ka bar ni da ciwon kai. Idan haɗawa ce, me zai hana ka bari sai ka koma Kano, inda ko igwa ka sassaƙa a ƙofar gida sai dai a ce maka sannu da aiki?

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "Sati huɗu likita ta ce in zauna. Ina so in gan ta da idona. Ban san abin da zan tarar a Kano ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba bindiga za mu yi ba. Babu abin da za ta harba, ko ƙwayar gyaɗa. Sandar labule za mu saya. An hana sandar labule a ƙasar nan?"

Ba a hana ba. Na bi shi.

Sayayyar ta ɗauke mu kwana uku, don Baffa ba ya sayen abu sai ya gwada shi da jikinsa. A shagon kayan labule matar ta tambayi faɗin tagarmu. Kafin in ƙirƙiro amsa, na waiga na ga Baffa ya ɗauki sanda ɗaya ya kafa ta a kafaɗa, ya kwantar da kumatu a kanta, yana saitin agogon bango. Na ce da ƙaramar murya, don girman Allah Baffa ka riƙe ta kamar ta labule. Ya sauke, ya ɗauki wata, ya sake yin haka. Sanda bakwai ya gwada. Matar ta tsaya da na'urar lissafi a hannu tana kallonmu, ni kuma ina ta yi mata murmushi ina cewa sheshe, wato na gode, ba tare da ta yi mana komai ba tukuna.

Madubin hangen nesa kuwa a shagon littattafan 'yan makaranta muka samu, irin na yara masu kallon wata. Ƙafafu biyu na gaba, waɗanda bindigar take tsayawa a kai idan an kwanta, daga wata karyayyar matsayar kyamara muka ciro, mai shagon ya kusa ba mu kyauta don ta tare masa wuri. Gidan harsashi gwangwanin ganyen shayi ne mai faɗi. Maratayi kuwa daga jikin wata jakar samfur tawa Baffa ya yanke, bai tambaye ni ba. Muka sayi katakon yanka nama guda biyu masu kauri, da gam, da magagari, da samfefa, da ƙaramin zarto, da baƙin fenti. Da aka gama, kuɗin daraktan sun yi saura har na kwalbar ruwa biyu, kuma Baffa ya sa na rubuta wannan a takarda.

A hanyar dawowa muka shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ake saka kowace jaka a na'urar duba kaya. Ma'aikacin ya kalli sandar, ya kalle mu. Na ɗaga hannu biyu na yi alamar ina zuge labule, na buɗe na rufe, na buɗe na rufe. Ni mai mata da 'ya'ya uku, a tsakiyar jama'a. Ya ce mu wuce. Baffa ya ce na iya.

Ɗakina ɗaya ne da ɗan baranda, rabinsa dilolin kaya. A jikin taga Baffa ya kafa wajen aikinsa, don ya ce hasken safe ne ya fi yi masa. Ya manne katakan nan biyu, ya ɗora musu dila ɗaya ta wanduna suka kwana, sannan ya fara sassaƙa gindin bindigar, wato ɓangaren katakon da ake kafawa a kafaɗa. Bai zana komai ba, bai nemi ma'auni ba. Sai ya goga kaɗan, ya kafa a kafaɗa, ya kwantar da kumatu, ya sauke ya sake gogawa. Fuskarsa kusa da katakon har hancinsa yana ɗibar gari. Sau uku a rana nake ɗiga masa magani, ya kwanta ya ƙirga ɗari, ya tashi ya koma. Garin katako ya shiga rigunan samfur, ya shiga shinkafa, ya shiga cikin fasfona. Na yi mita iya mita. Idan na yi yawa sai ya ce, "Babana, miƙo samfefa."

Tsohuwa mai gidan ta shigo sau ɗaya duba famfo. Allah ya taimake ni a lokacin katakon bai fito da siffa ba. Ta tsaya a kansa ta tambayi me yake yi. Na ce ƙafar kujera. Ta duba ɗakin ta ga babu kujera, ta duba famfonta ta tafi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan katakon nan. Ranar da ya shafa fenti ya bushe, ya harhaɗa komai da ƙananan notuna, ya kafa ta a kan ƙafafunta a tsakar ɗaki, sai da na tashi na saka wa ƙofa sakata. Na san sandar labule ce, ni na biya kuɗin. Na san gwangwanin shayi ne, ni na shanye shayin. Amma sai da na matsa daga inda bakinta yake kallo. Na ce Baffa, ma sha Allah, aiki ya yi, sai a kwance ta yanzu-yanzu.

Ya ɗauke ta, ya rataya, ya taka daga taga zuwa ƙofa. Ya sauke.

"Ƙarya ce," ya ce.

Na ce wace ƙarya kuma, ai dama ƙaryar ake so, fim ne.

"Ba nauyi. Wanda ya rataya wannan zai yi tafiya kamar ya sayo rake. Ta gaske tana sauke maka kafaɗa, tana canza maka taku. Duk sojan da ya kalli fim ɗin zai gane tun daga tafiyar, ya ce wane ne ya koya masa."

Saboda haka muka tafi neman yashi. Akwai inda ake gini a bayan layinmu. Na je da leda na tsaya gaban shugaban leburori, na kira shi lawban, wato maigida, kamar yadda ake kiran duk wanda kake neman abu a wajensa, na ce ina roƙon yashi kaɗan. Ya tambayi na mene ne. Na ce na mage. Ba ni da mage, ban taɓa son mage ba, amma ya cika mini ledar har ya ƙara. Baffa ya shanya yashin a baranda ya bushe, sannan ya dinga ɗura shi a cikin sandar da gwangwanin, cokali-cokali. Ya zuba, ya toshe, ya rataya, ya taka zuwa ƙofa, ya dawo ya ƙara. Na ce ga sikelina na auna kaya, ya faɗi nauyin kawai mu auna. Ya ce shi bai taɓa ɗora tasa a sikeli ba, kafaɗarsa ce ta sani. Can wajen la'asar ya rataya, ya taka, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba. Na ga kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, bayansa ya miƙe, har wuyansa ya canza. Ban taɓa ganin Baffa a soja ba, ina yaro ya bar aiki, amma ranar na gan shi ta baya.

"Yauwa," ya ce.

Daga ranar ya ɗauko wata sabuwar al'ada. Kullum bayan sallar asuba sai ya zari ɗankwali ɗaya daga cikin samfurina ya ɗaure idonsa, ya zauna a kan tabarma, ya kwance bindigar gaba ɗaya, ya jera sassan a gabansa, ya sake haɗawa. Ni kuma aikina in riƙe waya in duba minti nawa ya ɗauka. Na taɓa jin cewa haka ake koya wa sojoji a bariki, don haka na ɗauka burga ce irin ta tsofaffin sojoji, kuma na dinga tsokanarsa. Ranar farko noti ɗaya ya gangara ƙarƙashin dila, muka yi rabin awa muna nema. Rana ta uku ya daina yar da komai. Rana ta biyar ina hamma, shayina yana hucewa, na ce Baffa, wai wannan wahalar ta mece ce? Ai a wajen fim babu wanda zai ɗaure maka ido.

Hannunsa bai tsaya ba. Ya ce, "Na sani. Ba sai an ɗaure ba."

Da kunnena na ji bayanin likita. Da bakina na fassara. Amma kwana biyar ina zaune gabansa da waya a hannu ina yi masa dariya, hankalina yana kan kwantena da farashin wando. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na kalli wayar na faɗa masa mintin, ya ce gobe za a rage.

Aka yi masa aikin idon, aka ce ya yi kyau, ma'ana bai ƙara lalacewa ba a ranar. Saura kwana huɗu ya koma, muka kwance bindigar muka jera a kwali, muka tafi wajen ejan ɗina mai tura kaya ta jirgin sama. Wani Alhaji ne mutumin Kumasi, daga zango, unguwar Hausawa, shekara da shekaru muna aiki tare. Ofishinsa yana hawa na tara a wani bene a Xiaobei, kwalaye har rufi, kowanne da sunan mai shi. Ba ya karɓar kwali sai ya buɗe ya gani, ko na uwarsa ne. Ya gaisa da Baffa cikin girmamawa, ya sa aka kawo masa kujera, sannan ya yanka salatif.

Ya ɗauko madubin yara, ya ajiye. Ya ɗauko ƙafafun kyamara, ya ajiye. Ya ɗauko sandar labule, hannunsa ya yi ƙasa. Ya girgiza ta a kusa da kunne.

"Mene ne a ciki?"

Na ce yashi.

"Yashi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Za ku kai yashi Kano. A jirgin sama. Kilo-kilo."

Na ce haka ne.

"Shekara ashirin ina wannan aiki. An ba ni gashin doki, an ba ni haƙoran roba, an ba ni injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ba a taɓa ba ni yashi ba. Ya ƙare ne a can?"

Baffa ya ce wannan an riga an auna shi. Alhaji ya ce to a auna na can ma, ya sa aka kawo bokiti. Daga nan ya mayar da hannu cikin kwalin ya zaro gindin katakon, wanda muka naɗe a tsohuwar riga. Ya warware. Bai yi dariya ba. Ya tashi da kansa ya rufe ƙofar ofis, ya dawo ya zauna, ya ɗora katakon a kan cinyarsa ya rufe da rigar.

Na yi masa bayani duka, fim da darakta da katakon yanka nama. Ya saurara. Ya ce ya yarda, ko rantsuwa ba sai na yi ba. Amma kayan mutum arba'in ne suke tafiya tare a lodinsa, yawancinsu mata masu ƙaramin jari, wata kwali ɗaya ne duk abin da ta mallaka. Wanda zai ga siffar nan a na'ura ba zai tambayi ko da katakon nama aka yi ba. Za a riƙe lodin gaba ɗaya, a kira shi, a kira ni. Sandar labule sandar labule ce, zai ɗauka. Wannan kuwa ba zai shiga kwalinsa ba, kuma yana ba Baffa shawara kada ya saka shi a jakarsa.

Ni da na yi sati uku ina fargaba, ni ne na tashi da faɗa. Na ce Alhaji, shekara nawa ina kawo maka kaya, na taɓa kawo maka matsala? Katako ne fa. Ka san kwana nawa dattijon nan ya yi a kansa? Ka san da wane ido ya yi shi? Saura kaɗan in faɗi abin da aka ce kada in faɗa. Baffa ya ɗora hannu a gwiwata.

"Gaskiyarsa," ya ce. "Ba a jefa mutum arba'in a wahala saboda mutum ɗaya. Zauna, Babana."

Na zauna. Muka juye yashin, amma ba a bokitin Alhaji ba. Baffa ya sa muka dawo da shi gida a leda, ya ɗauki kofin shayina, wanda nake sha da shi tun zuwana ƙasar, ya auna. Kofi uku da rabi na sanda, ɗaya na gwangwani. Ya maimaita sau biyu, ya wanke kofin ya saka a jakarsa. A nan ma bai tambaye ni ba.

Saura katakon. Na ce bari in ɗauki hotonsa ta kowane gefe, in kuma zana shi a kwali, idan ya koma sai a bi zanen. Ya ce, "Wa zai kalli hoton?" Ban sake kawo shawara ba. Kwana ukun da suka rage, yana zaune a bakin taga da ɗankwali a ido da katakon a hannu. Yana bin sa da yatsu daga sama zuwa ƙasa, yana auna shi da taƙi, yana kafa shi a kafaɗa, yana shafa inda kumatu yake kwanciya. Wani lokacin bakinsa yana motsi. Na daina mita a kan komai, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ranar tafiya da safe, bayan mun karya, ya kwance ɗankwalin ya kai katakon jikin taga. Ya daɗe yana kallonsa da idon dama, yana juya shi a hankali a cikin haske. Sannan ya miƙo mini shi tare da zarton.

"Yanka shi ƙanana, kada ya zame maka fitina."

Na ce ko shi zai yanka. Ya ce a'a, zai je ya yi alwala. Na yanka shi gida takwas a baranda. Bakwai na zuba a shara. Ɗaya na saka a ƙarƙashin ƙafar teburin sikelina, wanda dama yake rawa, kuma har yau yana nan.

Bayan ya koma mukan yi waya. Ba ya zancen ido, ni ma ba na yi. Babbar 'yarsa ta ce mini ya dawo da baƙin tabarau, wai likita ce ta ce ya dinga sawa, kuma ya sa kafinta ya yanko masa katako, kullum yana zaure yana goge-goge, ya hana kowa taɓawa. Ta ce ko fitila ba ya kunnawa a zauren, wai yana tattalin wuta. Na ce ai kin san Baffa.

Wata uku da wani abu bayan haka, ina Shahe a wani shago muna ja-in-ja da mai shago a kan farashin riguna, sai saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Daraktan ne, ya karɓi lambata a wajen Baffa don ya yi godiya, ya haɗo da ɗan bidiyo. Na buɗe. Wani fili ne a bayan gari, ga mutane sun yi da'ira, ga Baffa a kan tabarma da sassan a jere a gabansa yadda yake jera su a ɗakina. Sabon katakon bai kai na farko kyau ba, fentin ya yi kauri a gefe ɗaya. Ya fara haɗawa. Hannunsa yana zuwa kan kowane abu kai tsaye, babu lalube. Fuskarsa tana sama, tana fuskantar wani wuri a bayan kawunan mutane. Na ji muryar daraktan a kusa da wayar yana cewa, "Ku duba ku gani, ko kallonta ba ya yi." Aka yi tafi.

Jarumin ya karɓa ya rataya, kafaɗarsa ta sauka. Baffa ya tashi, ya miƙa hannu ya sami kafaɗar, ya bi ta har gwiwar hannu, ya gyara masa ita. Ya ce ya taka. Ya karkata kai yana sauraron takun, ya ce a sake. A na uku ya ce yauwa.

Mai shago yana ta turo mini na'urar lissafi a gaban fuska. Na ce masa gobe, na fita na zauna a kan matakala. Ban daɗe da zama ba Baffa ya kira.

"Babana, ka gani?"

Na ce na gani, Baffa. Ta yi kyau ƙwarai.

"Haka suka ce." Ya yi gyaran murya. "An gama nawa aikin jiya. Yanzu kana iya gaya musu a gida."

Na ce me zai hana shi ya faɗa da kansa, ga su nan kusa da shi. Ya ce ni na ji daga bakin likita, ni ne tafinta, in faɗa yadda ta faɗa, kada in gajarta. Na ce to. Ya ce kuma kofina yana nan, an wanke shi, idan na zo gida in ɗauka. A kan tagar zaure ya ajiye shi, idan ban gan shi a nan ba in tambayi yara, don shi ba zai san an ɗauke ba.

Na ce to, Baffa. Da ya kashe wayar na ɗan zauna, masu turin kaya suna ta wucewa suna cewa in janye ƙafa. Sannan na nemo lambar babbar 'yarsa na kira.